Ranar da Injiniya Ya Wanke Katin Makaranta

Ta faru! Ummukulthum, wallahi yau dai ta faru! Injiniya ya sha ƙasa a gaban iyaye, a gaban Alhaji, a gaban kowa da kowa! Ke kuma zazzaɓi bai tashi kwantar da ke ba sai wannan makon. Matsa in zauna. Ko gida ban je ba, daga makaranta na tari keke na yo nan Kwamba. Ba ni ruwa tukuna. Yauwa.

Bari in ɗauko miki daga tushe, don tun Litinin aka fara.

Kin dai san Anti Ladi, sakatariyar makarantarmu. Shekara tara tana kan kujerar nan mai taya. Kin kuma san katin da take ratayawa a wuya, mai kama da na cire kuɗi, wanda hukumar jarrabawa ta ba makaranta. A cikinsa akwai abin da ake kira satifiket, kamar hatimi yake, da shi ake sa hannu a kan sunayen 'yan aji shida kafin a tura. Babu hatimin, babu jarrabawa. Mu tamanin da huɗu ne, kuma ranar Talata ake rufewa. Katin kuwa halinsa irin na sim ne: ka yi kuskuren lambar sirri sau uku, ya kulle.

To ran Litinin tana zaune tana aikinta, hannunta a kan linzamin kwamfuta, sai ga Malam Saifullahi Ɗantala, ƙanin matar Alhaji Khamis mai makaranta, wannan da aka kawo mana malamin kwamfuta ya ce sai dai a kira shi Injiniya. Ya tsaya a kanta yana kaɗa makullin mashin.

Ya ce, "Linzami? A wannan zamanin? Haba Madam! A Abuja idan aka kama mutum da linzami a hannu, kwana uku ba ya iya fita. Mu da baƙin allo muke aiki. Babu hoto, babu danne-danne. Umarni kawai kake rubuta wa kwamfuta, ta ce to, ranka ya daɗe."

Anti Ladi ta ce, "An koya mana shi a Minna, Malam. Kwana uku muka yi. Ga ma littafina."

Ya karɓi ɗan littafin da yatsa biyu, ya juya shi, ya ce, "Na girki ne?"

Daga nan ya zarce wajen Alhaji. Wai aikin da take kwana biyu tana yi, shi minti biyu ya ishe shi. Wai makarantar da ke da Injiniya me za ta yi da sakatariya. Alhaji kuwa kin san shi, duk abin da aka ce daga Abuja yake, ya hau kai ya zauna. Ran Laraba aka miƙa wa Anti Ladi takarda a farar ambulan: ƙarshen wata an sallame ta. Shekara tara fa! Ga 'ya'yanta biyu a ɓangaren firamare, albarkacin aikinta suke karatu.

Ba ta yi kuka ba. Ta ninke takardar ta sa a jaka, ta ciro katin daga wuyanta, ta rubuta lambar sirrin a 'yar takarda ta miƙa masa. Sannan ta ce, "Abu ɗaya ne, Malam. Idan kana buga lambar a baƙin allo..."

Ya ɗaga mata hannu. "Madam, ni za ki koya wa?"



Kin ɗauka zai zauna ya gwada abin ko sau ɗaya? Ina! Ya ce ai irin wannan aiki ba a yin sa a ɓoye, sai a taron iyaye na Asabar, kowa ya gani da idonsa. Alhamis ya tafi Madalla hayar majigi. Juma'a ya tafi buga ƙyalle mai hotonsa, ya harɗe hannu a ƙirji, a ƙasa an rubuta SABON ZAMANI. Katin kuwa yana aljihu ko leƙa shi bai yi ba.

Yau da safe zaure ya cika maƙil. Iyaye maza a dama, mata a hagu, mu 'yan aji shida a baya. Anti Ladi kuwa, kin san aikin da aka ba ta? Rabon ruwan leda da cincin. Alhaji ya tare ta a bakin ƙofa ya ce, "Ladi, yau ba ranarki ba ce. Kada in ji bakinki."

Ta ce, "To, Alhaji."

Ta ɗauki faranti. Zuciyarta fa biyu ce, a fuskarta ma ana gani. Idan ya yi nasara, aikinta ya tafi. Idan ya ɓata, mu ne za mu kwana a ciki, kuma yawancinmu ita ta rubuta sunanmu tun ranar da aka kawo mu aji ɗaya.

Sai ga Injiniya ya hau dandamali da kwat, a wannan zafin, har da abin wuya. Abu na farko, ya zare linzamin daga kwamfuta, ya riƙe shi ta wutsiya kamar mushen ɓera, ya zagaya da shi kowa ya gani, ya jefa a kwandon shara. Wasu iyaye maza har da tafi.

Ya ce, "Iyayena, ku duba agogo. Minti biyu."

Hajiya Lauratu mai atamfa, uwar Khadija, tana layin gaba. Ta ɗaga hannu ta duba agogonta da gaske, ta ce, "Na duba, ɗan nan. Bismilla."

Aka sa Mista Sebastine malamin Turanci ya tsaya gefen allo, ya riƙa fassara wa iyaye abin da kwamfuta ta ce. Kin san shi, ko gobara ake yi fuskarsa ɗaya ce.

Injiniya ya soka kati. Ya kwafo wani dogon umarni daga wayarsa, ya danna. Bango ya yi baƙi ƙirin, rubutu fari ya fito. Mista Sebastine ya ce, "Ta ce a sa lambar sirri."

Ya buga. Tas tas tas tas tas tas. Ya ɗaga kai. Babu komai a allo. Ko ɗigo.

Ya sake bugawa. Babu. Ya sake, wannan karon da ƙarfi kamar mai dakan yaji. Babu. Sai ya danna babban maɓalli.

Mista Sebastine ya ce, "Ta ce ba daidai ba ne. Saura biyu."

Injiniya ya yi dariya. "Mista, Turancin littafi daban, na kwamfuta daban. Gaisawa muke yi tukuna."

Hajiya Lauratu ta ce, "To ta amsa kuwa?"

Anti Ladi tana tsakiyar layin mata da faranti. Ta buɗe baki, Alhaji ya harare ta daga kan teburi. Ta lanƙwashe yatsa ɗaya a ƙarƙashin farantin.

Injiniya ya ce ai ya gano matsalar, kibod ɗin ne ya tsufa, shekara tara ana zuba masa ɓurɓushin biredi. Ya sauka da kansa ya ɗauko sabo daga ɗakin kwamfuta, ya jona. Ya sake kiran umarnin. Kwamfuta ta sake neman lamba. Ya ce bari ya fara gwada sabon tukuna. Ya shimfiɗa yatsu goma ya bi kan maɓallan gaba ɗaya, dama da hagu, kamar mai kiɗan coci. Allo shiru. Haushi ya kama shi, ya naushi babban maɓallin.

Mista Sebastine ya ce, "Ba daidai ba. Saura ɗaya."

Hajiya ta ce, "Minti tara."

"Hajiya, agogonki na sauri."

"Na Makka ne, ɗan nan. Bai taɓa ƙarya ba."

Yatsa na biyu ya lanƙwashe. Anti Ladi ta ajiye faranti a kan benci, ta matso kusa da teburin manya, murya ƙasa ƙasa ta ce, "Alhaji, don girman Allah, kalma ɗaya."

Injiniya ya jiyo ta. Ya kama makirfo ya ce, "Kun gani ko? Hassada ke nan. Tun Laraba nake zargin an yi wa katin nan wani abu."

Alhaji ya ce, "Ladi, koma kan ruwanki."

Ta koma.

Injiniya ya zare katin, ya hura masa iska, ya goga a hannun kwat. Ya ciro turare daga aljihu ya fesa masa, wallahi Ummukulthum, turare! Ya mayar. Ya ce don kada wani ya ce shi ne yake kuskure, zai faɗi lambar da ƙarfi kowa ya zama shaida. Lambar sirri fa! A makirfo! Ya karanto ta ɗaya bayan ɗaya yana bugawa, har wani tsoho a baya yana cewa a maimaita bai ji ta huɗun ba. Ya gama. Allo babu komai. Ya ce, "Bari in ƙara mata ɗaya don ta zauna sosai." Ya sake bugawa. Ya danna.

Mista Sebastine ya gyara tabarau. "Ta ce kati ya kulle."

Zaure ya ɗauki salati. Khadija ta fara hawaye.

Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce, "Madalla! Haka nake so. Da gangan na kulle shi don in nuna muku yadda ake buɗewa. Yaya Alhaji, ina ambulan ɗin da aka kawo tare da katin?"

Ashe akwai wata babbar lamba ta ceto, irin wadda ake buɗe sim da ita idan ya kulle, tana cikin durowar Alhaji. Ita ma sau uku ce. Alhaji ya tafi da kansa ya ɗauko, yana tafe babbar riga na jan ƙasa.

Ta farko, Injiniya ya buga sau biyu, ya danna. Ta tafi.

Ta biyu, ya ce wannan aikin sai hannu mai albarka, Yaya Alhaji ya zo ya sa da kansa. Alhaji ya ji daɗi. Ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla, ya buga da yatsa ɗaya, a hankali, daidai wa daida. Ya kai yatsa kan babban maɓallin ke nan zai danna, Anti Ladi har ta rufe ido tana cewa Allah ya sa, sai Injiniya ya riƙe masa hannu.

"Tsaya, Yaya! Ba ka ga ba ta shiga ba? Sake."

Alhaji ya sake. Ya danna. Ta tafi.

Hajiya Lauratu ta ce, "Alhaji, albarkar ma ya ɓata maka."

Ta uku ba ma sai na faɗa miki ba. Zufa ta jiƙa kwat har ta canza launi. Ya kwance abin wuya. Ya ce laifin majigi ne, aka kashe aka kunna. Ya ce fanka ce take kaɗa waya, aka kashe fanka, mutane suka fara fifita da takardar shirin taro. Ya buga, ya buga, ya buga, ya danna.

Mista Sebastine ya ce, "Ita ma ta ceton ta kulle."

Hajiya ta ce, "Minti arba'in da ɗaya. Na bar shago a hannun maƙwabciya fa."

Nan iyaye suka fara miƙewa. Wani ya ce shi daga Lambata ya taso tun asuba. Wata ta ce idan 'yarta ta rasa jarrabawar bana, a gidan Alhaji za ta tare har baɗi. Injiniya ya duƙufa a kan wayarsa yana lalube, yana lalube. Can sai ya daka tsalle.

"Na samu! Wannan sai manya. Umarni ɗaya ne, yana mayar da kati sabo fil kamar yau aka ƙera shi!"

Ya kwafa. Rubutu ya fito, dogo, da manyan baƙaƙe. Mista Sebastine ya fara, "Ta ce gargaɗi. Duk abin da ke cikin katin nan, har da satifi..."

"Mista, ya isa! Kullum haka suke rubutawa don su tsorata ƙananan ma'aikata."

Nan fa Anti Ladi ta manta da Alhaji, ta manta da takardar sallama. Farantin ya suɓuce, ruwan leda ya tarwatse a ƙasa. Ta ɗaga murya, ita da ko a ofis sai ka matso kake jin ta: "Kada ka danna! Saifullahi, kada ka danna! A bar shi a kulle, a Minna za su iya duba shi!"

Ya kalle ta, ya yi murmushi, ya danna.

Mista Sebastine ya ce, "Ta ce an gama cikin nasara."

Ke! Zo ki ga rawa. Ya ɗaga hannu biyu sama, ya zagaya teburi, ya rungume Alhaji. "Nasara! Kun ji da kunnenku! Mista, maimaita musu!" Masu tafi suka yi tafi. Anti Ladi kuwa ta sami gefen benci ta zauna, ta dafe kai.

Alhaji ya ce, "Alhamdu lillahi. To sa hannun a kan sunayen yara mu tashi."

Injiniya ya kira umarnin. Allo ya nemi lambar sirri.

Ya tsaya. Yatsunsa a sama, sun ƙi sauka. Ya kalli allo, allo ya kalle shi. Zaure ya yi tsit, har ana jin mai rake yana talla a waje.

Hajiya Lauratu ta miƙe, ta gyara mayafi. Ta ce, "Alhaji Khamis, tare muka yi makarantar allo da kai, don haka zan faɗa maka. Baiwar Allahn nan tun safe take son magana kana hana ta. Ko ka bar ta, ko mu mu tambaye ta."

Alhaji ya share goshi. "Ladi... zo."

Ta tashi. Ba ta yi sauri ba. Ta ciro ɗan littafin nan daga jaka, ta hau dandamali, ta ce, "Malam, ɗan matsa. Zan duba littafin girki."

Ta buɗe shafi, ta ce tunda an mayar da kati sabo, lambar da ya zo da ita daga kamfani ce za ta yi aiki. Ta buga sau ɗaya. Allo bai nuna komai ba. Ta danna.

Mista Sebastine ya ce, "Ta buɗe."

Ta juyo ga iyaye. "Ba ya nunawa ne kawai. Da gangan aka yi shi haka, don kada na bayanka ya ga lambarka. Tana shiga, ba ka dai gani. Sau ɗaya ake bugawa. Abin da na so gaya masa ke nan tun Laraba. Shafi na farko ne."

Wayyo cikina! Wani baba har hularsa ta faɗi.

Injiniya ya ce, "Ai... ai na sani. A Abuja namu yana nunawa."

Hajiya ta ce, "To ka koma can ya nuna maka."

Anti Ladi ba ta yi dariya ba. Ta rubuta wani gajeren umarni na duba abin da ke cikin kati. Layi ɗaya ya fito. Mista Sebastine ya karanta, wannan karon har shi sai da muryarsa ta sauka: "Babu satifiket ko ɗaya."

Ta ce, "Ya wanke shi tas. Ƙofa ta buɗe, amma ɗakin babu ko tsintsiya."

Alhaji ya rasa inda zai sa kansa. "To yanzu yaya za a yi?"

"Sai an je Minna ran Litinin a sa sabo. Idan aka fita da wuri, za a dawo a tura kafin Talata."

Injiniya ya yi wuf. "Ni zan je! Na san manya a can!"

"Ba za su ba ka ba, Malam. Da sunana aka yi rajista. Sai fuskata, sai yatsana, sai takardar da ta nuna ni ma'aikaciyar makarantar nan ce." Ta buɗe jaka a hankali, ta zaro farar ambulan. "Ni kuwa takardar da ke hannuna, ga ta. Ta sallama ce."

Ummukulthum, da kin ga fuskar Alhaji! Ya sauko da murya, sunan Ladin ma ya ɓace a bakinsa. "Haba Madam. Haba 'yar'uwa. Wannan ai kuskuren mai bugawa ne."

"Ni na buga ta, Alhaji. Kai ka ce in buga."

Zaure ya sake fashewa. Alhaji ya karɓi ambulan ɗin ya yayyaga a gaban kowa, har yana haɗawa da gefen hannun rigarsa. Ya ce kujerarta tana nan, ofishinta yana nan, motarsa da direba za su kai ta Minna su dawo da ita. Ya ce akwai wani abu kuma?

Ta ce, "Linzamina."

Kowa ya juya ya kalli kwandon shara. Tun safe ake zuba masa ledar ruwa da ɓawon ayaba. Alhaji ya kalli ƙanin matarsa, ya nuna kwandon da haɓa. Injiniya, da kwat ɗinsa, a ƙarƙashin ƙyallen SABON ZAMANI, ya durƙusa ya zura hannu har gwiwar hannu, ya lalubo shi, ya goge a jikin wando, ya miƙa mata da hannu biyu.

Hajiya Lauratu ta duba agogo ta ce, "Wannan kam ya yi shi a minti biyu."

To ga wanda ba kowa ya sani ba. Matso. Bayan an watse na koma ɗauko jakata, sai na bi ta bayan tagar ofis. Alhaji yana cewa ba zai iya korar Injiniya ba, in ya kore shi ba zai ci tuwo a gida ba. Daga Litinin Anti Ladi ce za ta riƙa koya mana kwamfuta. Shi kuma ana neman aikin da za a ba shi. Alhaji ya ce ko janareta? Anti Ladi ta ce a'a, a tausaya wa janareta. Ta ce a ba shi ƙararrawa, ita ko sau nawa ya buga ba ta kullewa.

Ƙararrawa, Ummukulthum! Injiniya guda!

Amma don Allah, don Annabi, kada ki gaya wa kowa tukuna. Sai ran Litinin za a faɗa a layi, kuma idan ta fita za a san ni ce a bayan taga. Ko Ummanki kada ta ji. Rantse. A'a, ki rantse da kyau, ina ganin hannunki yana lallaɓawa wajen waya!